Kirsimeti a Kwanar Dangora da Rigimar Filin Amurka

Duk shekara in Disamba ta kama, akwai rigimar da ke tashi a Amurka wadda mu nan ba mu saba da ita ba. Kiristoci na so a kafa siffofin haihuwar Annabi Isa a filin gwamnati, su kuma waɗanda ba su yarda da samuwar Allah ba suna cewa filin na kowa ne, bai kamata hukuma ta ɗauki ɓangare ba. Maganar ta kai Kotun Ƙolin ƙasar har sau biyu. A 1984 ta amince da siffofin da aka jera tare da sauran kayan ado, a 1989 kuma ta hana waɗanda aka kafa su kaɗai cikin ginin kotu. A birnin Santa Monica, a 2011, aka jefa ƙuri'a kan gurabe 21 na bakin teku, marasa addini suka kwashe 18. Shekara na zagayowa hukumar birnin ta hana kowa.

Abin lura a can shi ne Kirista ke da rinjaye, mara addini ke kukan an danne shi. A Kwanar Dangora lissafin ya juye.

Wanda bai san yankinmu ba zai zaci duk Bahaushe Musulmi ne. To ya tsaya a kwanar ana jajibirin Kirsimeti, inda hanyar Tudun Wada da Doguwa ta rabu da ta Zariya, ya ga masu sauka da buhun shinkafa da kaji a ɗaure, suna neman ɗan acaɓa zuwa ƙauyukan Bebeji da Kiru. Sunayensu Ɗanladi, Talatu, Lami. Ba su da wani harshe sai Hausa, da ita suke karanta Littafi Mai Tsarki, wanda aka kammala fassara shi tun 1932. Kakannin da yawansu Maguzawa ne, kuma ba wuya ka samu gida guda wa yana zuwa masallaci, ƙane yana zuwa majami'a.

Nan ba fili ake jayayya a kai ba, kwanon abinci ne. Malamai sun saɓa kan cin abincin bikin da kuma cewa barka da Kirsimeti, wasu sun hana, wasu sun sassauta. Maƙwabta kuwa sun daɗe da nemo wa kansu mafita. Na sha ganin magidanci Kirista ya jawo akuyarsa da sassafe, cikin hunturu, ya kai wa maƙwabcinsa Musulmi ya yanka, don kada a mayar masa da kwano da rana. Wannan ɗawainiya tana taɓa ni ƙwarai, domin shi ne marar rinjaye, kuma shi ya fara takowa.

Ba zan ce komai lafiya ba. A watan Satumbar 2007 rikici ya ɓarke a Tudun Wada, aka ƙona majami'u, aka rasa rayuka. Waɗanda suka gani da idonsu har yau da sauran fargaba suke biki.

Mara addini kuwa a Kano ba ya ko kusa da neman gurbi a fili. An kama wani mara addini, Mubarak Bala, a 2020 kan abin da ya rubuta a Facebook, kotu ta yanke masa shekara 24 a 2022, kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da su biyar a 2024. Kalamansa sun ɓata wa Musulmi rai, ni ma sun ɓata mini. Amma sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya bai wa kowa 'yancin addini da na sauya shi, shi ne dai wanda Musulmin Fatakwal ke dogara da shi, shi ne na Kiristan Doguwa.

Akwai kuma waɗanda ba a cika sako su cikin zancen ba, wato tsofaffin Maguzawan da suka rage kan al'adar kakanni. Masu wa'azin addinan biyu suna sintiri a ƙofarsu, kowa na son jawo su. Gwamnatin tarayya na ba da hutun 25 da 26 ga Disamba, tana ba da na Sallah ƙarama da babba da Maulidi, su kuwa in kaka ta yi, a tsakaninsu suke tsayar da ranar kalankuwarsu.