Ƙwayar Daddawa Ta Shiga Masana'anta

Jama'a, kowa ya san daddawa, amma kaɗan ne suka san abin da ke nunar da ita. In mata sun dafa kalwa sun rufe ta kwana biyu ko uku, wata ƙwayar halitta ce, wadda ido ba ya gani, ke aiki a kanta har ta yi laushi. Masana na kiranta Bacillus subtilis.

To, ita da danginta ne masana'antu ke kiwo cikin manyan tankuna, suna samun bitamin B2 da sinadarin cire dauɗa na garin sabulu. A 2012 Jennifer Doudna ta Amurka da Emmanuelle Charpentier ta Faransa suka fito da CRISPR, watau almakashin da ke yanka gadon halitta daidai inda ake so. Da shi ake gyara ƙwayar don ta ƙara amfani.

Amma daddawar kasuwar Yawuri ba almakashi take bukata ba, ɗorawa take bukata. Saboda haka manoman Ngaski da Shanga da bakin tafkin Kainji, kada ku sare ɗorawa don gawayi. Kuɗin gawayi sau ɗaya ne, kalwa kuwa kowace shekara.