Miyar pizza ba miyar shinkafa ba ce

Na yi wannan rubutu ne saboda waɗanda za su tafi IT bana su sauka a garin da ba su san kowa ba, da kuma masu son girki da ke fama da risho ko 'yar ƙaramar tukunyar gas a hostal.

Bayan na gama ND na samu gurbin IT a Abuja, na sauka gidan gwaggona a Kubwa. Ranar da aka ba ni alawus na farko sai na ce bari in yi wa kaina gata. Na nufi wani shago da na daɗe ina kallon hotunansa a Instagram, na sayi pizza da kusan kwatan kuɗin. Da na isa gida na buɗe kwali, sai na tarar tsakiyarta ta jiƙe sharkaf. Kana ɗaga yanka ɗaya, komai na kai zai zame ya bar ka da ɗanyen ƙulli a hannu. Jan abin da aka shafa kuwa zaƙi zau, ashe kecaf ne, irin na kwalba da ake ci da soyayyen dankali. Gwaggo ta ɗanɗana, ta ajiye, ta ce, "Yanzu ke a kan wannan kika zubar da kuɗinki? Ai da gurasa kika sayo mana da ƙuli." Wallahi maganar ta fi asarar kuɗin yi mini ciwo, don gaskiya ta faɗa.

Daga ranar na ƙudurta sai na gane inda matsalar take. Abin da na gano cikin shekarar nan shi ne: a miyar tumatirin da ake shafawa pizza ke gyaruwa, a nan kuma take lalacewa. Wanda ya iya haɗa ta da hannunsa, da wuya wani shago ya sake cutarsa.

Daga ina abin ya fito?

A birnin Napoli na ƙasar Italiya aka fara yin pizza irin wadda muka sani, kuma abincin talaka ce tun asali. Shi kansa tumatir baƙo ne a can, daga nahiyar Amurka aka kai shi Turai a ƙarni na 16. Wadda ta fi shahara ita ce Margherita: tumatir, da cukun mozarela, da ganyen basil. Ana danganta sunan da Sarauniya Margherita, wadda aka ce an yi wa irinta a 1889, ja da fari da kore kamar tutar ƙasar. A 1984 masu sana'ar suka kafa ƙungiya a Napoli don kare ƙa'idojin yin ta, a 2017 kuma UNESCO ta sanya sana'ar cikin al'adun duniya da ake adanawa.

Abin da ya shafe mu a nan shi ne yadda suke gasa ta. Tandarsu ta itace ce, zafinta ya haura digiri 400, cikin daƙiƙa 60 zuwa 90 an sauke. Saboda haka su ba sa dafa miyar. Tumatir ne kawai da aka ɓare aka murƙushe da hannu, sai gishiri. Wutar ta fi ƙarfin ruwan, kafin ya ratsa ƙullin an gama. Ku tuna tanderun masu gurasa na Kano, kusan hikimar ɗaya ce. Obin ɗin gida kuwa galibi a wajen digiri 250 yake tsayawa, kasko a kan risho ma bai kai nan ba. Pizza takan yi minti 10 ko fiye a ciki, ruwan tumatir ya samu lokacin shiga ƙulli. Kuma tumatir fiye da kashi 90 cikin 100 ruwa ne. Shi ya sa mu dole mu dafa tamu tukuna, mu kore ruwan a tukunya.

Kuskuren da na fara yi

Gwajina na farko, miyar shinkafa na yi. Na markaɗa tumatir da tattasai da attaruhu da albasa, na soya da mai mai yawa, na zuba magi da kori. A kan shinkafa da ta yi daɗi, amma a kan pizza man ya taso ya kwanta, kori ya danne komai, cukun da na saya da tsada ko ɗanɗanonsa ban ji ba. Miyar shinkafa ita ke ɗauke da abincin gaba ɗaya. Ta pizza kuwa shimfiɗa ce siririya tsakanin burodi da cuku, aikinta ta kawo ɗanɗanon tumatir da ɗan tsami da zai yanke maiƙon cukun. Kayanta kaɗan ne.

Abubuwan da ake buƙata

Tumatir kilo 1, wato dogaye kamar 10. A nemi dogon nan mai tsoka, Roma ko UTC, wanda ya nuna jajir. Shi ma San Marzano da 'yan Napoli ke alfahari da shi dogo ne mai ƙarancin ruwa. Lokacinsa mafi kyau shi ne rani, daga Janairu zuwa Maris, sa'adda na noman rani daga Kadawa da kasuwar Kwanar Gafan ke cika kasuwanni. Da damina yakan yi tsada ya kuma yi ruwa, to a ƙara babban cokali 1 na tumatirin gwangwani don kauri.

Sai tafarnuwa sala 3, man zaitun ko man gyaɗa babban cokali 2, gishiri ƙaramin cokali 1, da origano ƙaramin cokali 1. In ba a samu origano ba, rabin cokali na tayim ya wadatar. A madadin basil ina amfani da ɗaɗɗoya, 'yan uwan juna ne, sai dai tamu ta fi ƙarfi, ganye 3 sun isa. Mai son yaji ya sa kwatan attaruhu, kada ya wuce haka.

Yadda ake haɗawa

A tsaga fatar kowane tumatir kaɗan ta ƙasa, a jefa cikin tafasasshen ruwa na minti 1, a tsame a zuba a ruwan sanyi. Fatar za ta saɓule da kanta. A raba shi biyu a matse 'ya'yan da ruwan cikin. Kada a zubar, a ajiye don miyar gobe. Sai a murƙushe tsokar da hannu ko a ɗan daka a turmi. Mai bilenda ya ɗan taɓa sau biyu ko uku kawai, don in ta daɗe tana juyawa iska na shiga, jan ya koma ruwan lemo mai kumfa.

A ɗora mai a wuta kaɗan, a zuba dakakkiyar tafarnuwa na kamar rabin minti. Da ƙamshi ya tashi a zuba tumatir, don in tafarnuwa ta ƙone ɗacinta ba ya fita. A sa gishiri da origano, a bar tukunya a buɗe, ana juyawa lokaci zuwa lokaci na minti 25 zuwa 30. Rufe tukunya na mayar da tururin ciki, alhali shi muke son ya tafi. In da hali a guji tukunyar dalma, tsamin tumatir na cin ta, miya ta ɗauko ɗanɗanon ƙarfe.

Ga gwajin da ba ya ƙarya: a ja cokali a tsakiyar tukunya. In hanyar ta tsaya ana ganin gindin tukunya na ɗan lokaci, ta yi. In ruwa ya biyo ya rufe nan take, da saura. Sai a ɗanɗana. In tsami ya yi yawa a sa sukari kaɗan, bakin cokali. Na san iyayenmu kanwa suke sawa don kashe tsami, amma a nan tana dusashe launi, kuma ɗan tsamin ana bukatarsa. A ƙarshe a yayyaga ɗaɗɗoya a zuba, a sauke.

Abu biyu da ake yawan mantawa: a bar ta ta huce sarai kafin a shafa, kuma cokali 3 zuwa 4 sun ishi pizza mai faɗin faranti. A firji takan yi kwana 3 zuwa 4. Amma mun san halin wutar hostal, gara a yi daidai wadda za a cinye.

Neman ta kirki a baƙon gari

Da hannuna ya faɗa, sai na koma neman shago da idon wanda ya san abin. Ga abin da ya yi mini aiki.

Na farko, tambaya. Matambayi ba ya ɓata, amma a san wanda za a tambaya. Hoto a intanet kyan ɗan maciji ne. Ni masu kai saƙon abinci a babur suka fi taimaka mini, su suka san shagon da ake ta maimaita oda da wanda ake dawo musu da kaya. Sai abokan aiki da suka daɗe a garin.

Na biyu, a leƙa wurin gashi. In ana buɗa ƙulli da hannu a gabanka, alama ce mai kyau. In kuwa faifan burodi ake zarowa daga leda, ko cikin minti 2 an miƙo maka, ɗumame ne.

Na uku, zuwan farko a sayi ƙaramar Margherita. Ba ta da tarkacen da za a ɓoye aibi a ƙarƙashinsa. A ɗaga a duba ƙasanta: ana son ta gasu da ɗigo-ɗigon ƙuna, ba fari fat ba. A yagi gefen, ya kasance da ramukan iska a ciki. Sannan a lakaci miyar ita kaɗai. In tumatir ka ji, ka zo gida. In zaƙi da tsamin kwalba ka ji, kada ka koma. Kuma a ci a wurin, don tururin cikin kwali na sa ko mai kyau ta yi laushi.

Na huɗu, kuma mafi muhimmanci, a tambayi naman. Feferoni da salami da ham a ƙasashen da suka fito yawanci da naman alade ake yin su. Shaguna da dama a nan na amfani da na sa ko na kaza, amma ba a zato a irin wannan. Ni kai tsaye nake cewa, "Don Allah malam, wannan naman mene ne? Kuma wuƙa ɗaya kuke yanka duka da ita?" In amsar ta zo da inda-inda, sai in tsaya a kan ta kayan lambu ko in fita.

Na biyar, lissafi, tunda mu 'yan poli ne. Faɗin da'ira da murabba'in rabin tsakiyarta yake tafiya. Mai inci 12 tana da kusan murabba'in inci 113, masu inci 8 guda biyu kuwa 100 ne da ɗoriya kaɗan. Wato babba ɗaya ta fi ƙanana biyu. In kun tabbatar da shago, ku haɗa kuɗi ku uku ku sayi babba.

Daga ƙarshe na samu wurina, wani ɗan ƙaramin shago mai tebur huɗu, ba shi da ko allon kirki. Amma yanzu da na dawo HND, yawanci a ɗaki nake yi. Ba ni da obin, gurasa nake saya, in shafa miyar, in barbaɗa cuku da albasa, in sa a kasko in rufe a wuta kaɗan na minti 5 zuwa 6. Kafin in baro Kubwa na yi wa Gwaggo irinta. Ta cinye yanka biyu, ta goge hannu ta ce, "To ai ga shi kin dawo kan gurasar da na faɗa miki." Na ce, "Haka ne Gwaggo, amma miyar fa?" Ta ce in bar mata sauran a firji.

Duk wanda ya gwada, ya fara da rabin kilo, kuma kada ya manta da gwajin cokali.