Guntun da ake cirowa daga jikin cuta: yadda ake ƙera rigakafin maleriya

Idan damina ta kankama a Kwatano ta Jamhuriyar Benin, daga Afrilu zuwa Yuli, ruwa ba ya saurin tafiya. Garin shimfiɗe yake a kan rairayi tsakanin teku da tafkin Nokoué, don haka a unguwar Zongo, a lungunan da ke kewaye da babban masallaci, kwatami kan cika ya kwana, 'yan zemijan masu rawayar riga na ratsa shi da babura. Bayan mako biyu sai a fara ganin uwaye goye da yara masu zafin jiki a ƙofar kyamis.

Ranar 25 ga Afrilun 2024 Jamhuriyar Benin ta shigar da rigakafin zazzaɓin cizon sauro, RTS,S, cikin alluran yara, rana ɗaya da Laberiya da Saliyo. Mutane da yawa na zaton ƙwayar cutar aka kashe aka ɗura a kwalba. Babu ƙwayar maleriya a cikinta, mai rai ko matacciya. Wani ɗan guntun furotin ne kawai daga fatar ƙwayar, aka zaɓo shi da gangan.

Garkuwar jiki ba ta duba maƙiyi daga kai har ƙafa. Alama take nema, kamar yadda dattijon Zongo zai dubi tsagar fuskar baƙo ya ce wannan Bagobiri ne, tun bai buɗe baki ba. Wannan alama ita masana ke kira efitof: jerin amino asid kaɗan, wani lokaci tara ko goma, wanda sojojin jini ke kamawa su riƙe a ƙwaƙwalwa. Aikin mai ƙera rigakafi shi ne gano wace alama ce, cikin dubbai, za ta sa jiki ya tare cutar.

A maleriya farautar ta daɗe. A 1967 Ruth Nussenzweig ta Jami'ar New York ta nuna cewa ɓeraye na samun kariya idan aka yi musu allurar ƙwayar da aka raunana da haske mai ƙarfi. Daga baya aka gano furotin da ya lulluɓe ƙwayar a lokacin da sauro ya tofa ta cikin jini, kafin ta shiga hanta; CSP ake ce masa. A tsakiyarsa akwai amino asid huɗu, NANP, da ke maimaituwa kusan sau 40. A 1987 kamfanin GSK da cibiyar binciken sojojin Amurka ta Walter Reed suka ɗauki wani sashe na wannan maimaicin, suka haɗa da wutsiyar furotin mai ɗauke da alamomin da ke tada ƙwayoyin jini na T, suka liƙa su a kan furotin ƙwayar ciwon hanta nau'in B. Dalilin liƙawar shi ne, guntu shi kaɗai ya yi ƙanƙanta, jiki ba ya kula shi sai an ɗora shi a kan abu mai girma an kuma ƙara sinadarin da ke zaburar da garkuwa.

Sai a Oktoban 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wannan haɗi, wato RTS,S. Shekara 34 ke nan.

A tsakanin nan an sha kashi. Likitan Kolombiya Manuel Patarroyo ya harhaɗa guntaye a ɗakin gwaji ya kira su SPf66, duniya ta ɗauka an gama. A Tanzaniya ya ba da kariya ta kusan kashi 31 cikin ɗari. A Gambiya da Tailan kusan bai yi komai ba.

Wahalar tana da kai biyu, kuma duka biyun sun shafi mutanen Zongo. Na farko, ƙwayar maleriya ba iri ɗaya ba ce. An gina RTS,S ne a kan samfuri guda na ɗakin gwaji mai suna 3D7. Wani bincike da aka buga a 2015 ya nuna cewa ƙasa da kashi 10 cikin ɗari na ƙwayoyin da ke kama yaran Afirka ne suka yi daidai da shi a sashen wutsiyar. A kan waɗanda suka dace kariyar ta kai kusan kashi 50, a kan sauran kuwa kusan 33.

Na biyu, mutane ma ba iri ɗaya ba ne. Kafin ƙwayoyin T su ga alama, sai wasu furotin na jikin mutum da ake kira HLA sun ɗaga ta sun nuna, kuma kowa da irin da ya gada. Guntun da jinin Bature zai ɗaga tsaf, na ɗan Dosso zai iya sakinsa. A 1991 Adrian Hill da abokan aikinsa suka gano a yaran Gambiya cewa masu nau'in HLA-B53, wanda ya yawaita a Afirka ta Yamma ya kuma yi ƙaranci a Turai, ba su cika faɗawa maleriya mai tsanani ba.

Yau kwamfuta ke fara aikin. Ana ba ta jerin halittar ƙwayar cuta, ta hasaso guntayen da za su kama HLA, a jera su a takarda a matsayin rigakafi. Mujallun kimiyya sun cika da irin waɗannan zane-zane, na Lassa, na tarin fuka, na korona, amma kaɗan ƙwarai suka kai hannun ɗan Adam. Abin da ya fi damun mai lura shi ne, manhajar daga bayanan da aka tara take koyo, kuma jinin 'yan Afirka, da ya fi na kowa bambancin HLA, ya yi ƙaranci a rumbunan bayanan. Wannan giɓi ba a cike shi daga Landan. Sai an ɗebi jini a nan, da yardar mutane, a hannun masanan ƙasa.

Benin ta riga ta sa hannu a irin wannan aiki. A cikin masu juna biyu, mace mai cikin fari ta fi kowa shan wuyar maleriya, domin ƙwayar na fito da furotin VAR2CSA da ke manna jajayen ƙwayoyin jini a mabiyiya, jariri ya fito ba nauyi. Masana a Kopenhagen suka bayyana shi a 2003, kuma masu bincike na Jami'ar Abomey-Calavi na cikin ayarin da ya yi aikin PAMVAC, rigakafin da aka yanko daga sashen furotin da ke yin mannewar. Gwajin farko ya nuna ba ya cutarwa kuma jiki na amsawa, sai dai tsohuwar matsalar ta dawo: garkuwar ta fi gane samfurin da aka yi allurar da shi.

Fataken Zongo masu iyali a arewa za su iya ganin suna biyu a katin rigakafin 'ya'yansu. Nijar ta fara RTS,S a Gaya a Satumbar 2024, Nijeriya kuma ta fara R21 na Jami'ar Oxford a Kebbi da Bayelsa a Disamba. Guntun CSP ɗaya ne a duka biyun, sai dai R21 ya fi cunkoson sa a kan kowace ƙwaya. Dukansu allura huɗu ne, kuma ba su maye gurbin gidan sauro ba. A Ghana, Kenya da Malawi, inda aka yi wa yara sama da miliyan biyu allurar RTS,S daga 2019 zuwa 2023, mace-macen yaran da suka kai shekarun allurar sun ragu da kashi 13 cikin ɗari. Allura ta huɗu, wadda ke zuwa watanni bayan ta uku lokacin da garkuwa ta fara sanyi, ita ma'aikatan lafiya suka fi fama kafin uwaye su dawo da yara.