Yadda Landan Ta Yi Maganin Cunkoso Da Jirgin Ƙarƙashin Ƙasa

A wajejen 1850 birnin Landan ya cika ya batse. Jiragen ƙasa suna kwaso mutane daga ko'ina cikin Ingila suna zubewa a tashoshin bakin gari, irin su Paddington da Euston, domin ba a yarda a shiga da layin dogo tsakiyar birni ba. Daga nan sai kowa ya nemi keken doki ko ya taka sayyadarsa. Mutum wajen dubu 200 ke shiga cibiyar birnin a ƙasa kowace rana, tituna kuwa sun toshe da dawaki da amalanke, abin da mu a yau za mu kira gosulo.

To, akwai wani lauyan hukumar birnin, ana ce da shi Charles Pearson, wanda halin talakawa ya dame shi ƙwarai. Ya ga ma'aikata sun cushe a lunguna masu ƙazanta, don kawai ba su da halin zama nesa da wurin aiki. Shi ne ya dage a kan a bi da jirgi ta ƙarƙashin titi, ya zama da araha, yadda lebura zai kwana bayan gari ya kuma iso aiki da wuri. Mutane suka yi ta yi masa dariya, bai fasa ba.

Majalisar Ingila ta ba da izni a 1854, amma kuɗi suka yi wuya, sai da Pearson ya shawo kan hukumar birni ta zuba fam dubu 200. A 1860 aka soma aiki a hannun injiniya John Fowler. Dabararsu ita ce a fasa titi a haƙa rami mai faɗi, a gina bango da rufin bulo, sa'an nan a mayar da ƙasa a shimfiɗa titi kamar da. Aikin bai tafi lami lafiya ba. An rushe gidajen talakawa da dama, kuma a 1862 babbar kwatar da ake kira Fleet ta fashe ta cika ramin da ruwa.

Ran Asabar 10 ga Janairu, 1863, aka buɗe layin Metropolitan daga Paddington zuwa Farringdon, tafiyar mil uku da rubu'i uku, da tashoshi bakwai. A ranar kaɗai mutum dubu 38 suka hau, kafin shekara ta zagayo an ɗauki fasinja miliyan tara da rabi. Allah bai nufi Pearson da gani ba, don ya rasu a watan Satumba na 1862. Amma burinsa ya cika: a 1864 kamfanin ya fito da jirgin asuba na ma'aikata, zuwa da dawowa taro, watau kwabo uku.

Mai karatu zai ce, ina hayaƙi yake zuwa? Lalle nan ne gizo ke saƙa, gama jiragen farko na wuta da tururi ne, taragunsu na katako, fitilunsu na gas. An yi wa injunan dabarar mayar da tururi cikin tankin ruwa, an kuma bar kafofi nan da can don iska, duk da haka fasinjoji sun sha hayaƙi. A unguwar Leinster Gardens har yau akwai wasu gidaje biyu waɗanda fuska ce kawai, ba ɗaki ko ɗaya, an gina su don su ɓoye wurin da layin ya fito fili. Sai a 1905 aka soma sa wa layin lantarki, a 1933 kuma aka haɗe shi da sauran layukan Landan ƙarƙashin hukuma ɗaya.

A yau layin yana tashi daga Aldgate a tsakiyar birni, ya nufi arewa maso yamma, ya rabu huɗu zuwa Uxbridge da Watford da Amersham da Chesham. Tsawonsa ya ɗara mil 41, tashoshinsa 34. Abin mamaki, ɗan kaɗan ne daga cikinsa ke ƙarƙashin ƙasa, saura duk a sarari yake. Yana da jiragen gaggawa masu tsallake ƙananan tashoshi, kuma tun daga 2010 aka soma kawo sababbin jirage masu tarago takwas da na'urar sanyaya iska. Daga sunan Metropolitan ne aka samo kalmar Metro da ake kiran irin wannan jirgi a Faris da Alƙahira.

Mu mazauna Ikko labarin nan ya shafe mu. Gwamna Lateef Jakande ya ƙaddamar da aikin jirgin cikin gari a 1983, gwamnatin soja ta soke shi a 1985. Sai a 2023 jirgin Marina zuwa Mile 2 ya fara ɗaukar mutane, a 2024 kuma wanda ya bi ta Agege ya biyo baya, dukansu a bisa ƙasa. Shekara 40 ke nan ɗan dako da ɗan kasuwa suna ƙarar da rabin yininsu a hanya. Abin da ya rage shi ne a ƙarasa layukan, a kuma sa kuɗin da mai ƙaramin ƙarfi zai iya biya, yadda Pearson ya nema wa leburorin Landan.