Wa Ya Kashe Wutar Unguwar Comuna 13?

A shekarar 1991 an kashe mutum sama da 6,000 a birnin Medellín na ƙasar Kolombiya. Unguwar Comuna 13, wadda gidajenta ke manne a jikin tsauni, ta ci gaba da zama filin daga har bayan mutuwar uban masu safarar miyagun ƙwayoyi, Pablo Escobar, a 1993. Yau kuwa baƙi ne ke tururuwa can daga ko'ina a duniya don kallon zane-zanen bangonta. Me ya juya al'amarin?

Wasu za su ce sojoji ne. A watan Oktoban 2002 gwamnati ta kai farmakin Orión da jirage masu saukar ungulu, ta fatattaki 'yan tawaye. Harbe-harbe sun lafa, amma wasu 'yan bindigar suka maye gurbi, mutane suka riƙa ɓacewa. Iyaye mata suka dage cewa an binne 'ya'yansu a La Escombrera, jujin ɓaraguzan gini da ke saman unguwar. Shirun da tsoro ya kawo ba zaman lafiya ba ne.

To, ko fenti ne? Nan ma akwai tangarɗa. A 2009, lokacin da matasa suka riga suka rungumi waƙa da zane, aka harbe wani jagoransu, mawaƙi Héctor Pacheco da ake kira Kolacho. Wasu mawaƙan ma an kashe su bayansa. Fenti ba ya tare harsashi.

Sai ayyukan raya unguwa. An buɗe ɗakin karatu na San Javier a 2006, motocin igiya masu tafiya a sama suka iso a 2008, sannan a 2011 aka kafa matakalar lantarki mai tsawon mita 384. Hawan da ke cin kusan rabin awa ya koma 'yan mintuna. Wannan babban ci gaba ne, sai dai matakala ba ta raba yaro da daba.

Bakin zaren yana hannun abokan Kolacho. Maimakon ramuwa, sai suka kafa Casa Kolacho, inda yara ke koyon zane, rawa da waƙa. Daba tana jan yaro da suna, abokai da kuɗi, kuma bango ya ba shi duka ukun ba tare da bindiga ba. Ya sa hannu a aikinsa, ya samu 'yan uwa, ya zagaya da baƙin da matakalar ta kawo, an biya shi. Matakala ta buɗe hanya, zane ya ba mutane dalilin hawa.

Zanen ya kuma riƙe tarihin da aka so a binne. A Disamban 2024 aka tono ƙasusuwan mutane a La Escombrera. Wata guda bayan haka masu zane suka rubuta a wani bangon birnin cewa iyayen nan sun yi gaskiya. Hukuma ta shafe, suka sake rubutawa, har rubutun ya bazu zuwa wasu biranen.

Har yanzu 'yan daba na karɓar kuɗin dole a unguwar, don haka aiki bai ƙare ba. Amma duk shugaban da ke son kwaikwayon Medellín, kada ya tsaya a sayen fenti. Ya gyara hanya, ya miƙa bango ga 'ya'yan unguwa, ya kuma daure wa abin da za su zana a kai.