Ciwon damuwa mai tsanani: shin magani biyu sun fi ɗaya?

Akwai ɗan kasuwar da zai wayi gari ya kasa buɗe rumfa, barci ya ƙaurace masa, abinci ba ya shiga, har ya ji duniyar ta ishe shi. Idan hakan ya wuce mako biyu, likitoci na kiransa ciwon damuwa mai tsanani, kuma yana da magani.

Sai dai ƙwaya ɗaya ba ta yi wa kowa aiki. Wani babban bincike a Amurka mai suna STAR*D, wanda ya ɗauki mutane fiye da 4,000, ya nuna a 2006 cewa kusan ɗaya cikin uku ne suka warke da maganin farko, wato citalopram. Cikin waɗanda aka ɗora wa magani na biyu kuwa, kimanin kashi 30 cikin ɗari suka samu lafiya.

To me zai hana a fara da biyu tun ranar farko? Binciken CO-MED na 2011, kan mutane 665, ya gwada haka. Masu shan biyu ba su fi masu shan ɗaya warkewa ba, ɗaya daga cikin haɗin ma ya fi jawo illa.

Ke nan haɗa magani mataki ne na biyu, kuma likita ne ke yanke shi, bayan an ba na farko makonni ya yi aiki. 'Yan uwa 'yan kasuwa, a kiyaye: tramol da ake sayarwa a tebur, idan ya haɗu da irin waɗannan magunguna, yana iya kawo farfaɗiya da zazzaɓi mai kisa. Duk abin da kake sha, ka faɗa wa likita.