Aji Huɗu Zuwa Shida, Inda Tuwo Yake Yin Gudaji

Tuwo in zai ɓaci, a wurin talge yake ɓaci. Ruwa ya tafasa, an dama gari an zuba, sai maƙwabciya ta yi sallama, hankalin mai girki ya tafi can. Kafin ta waiwayo gudaji sun ƙulle. Daga nan ko za ta tuƙa har damtsenta ya sage, sai mai ci ya gamu da ƙullin ɗanyen gari a tsakiyar loma. To karatun firamare ma yana da nasa talgen, kuma a aji huɗu ake yin sa.

Tun da Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato a 1999, aka kuma yi masa doka a 2004, shekara tara na farkon karatun yaro kashi uku aka yi musu: aji ɗaya zuwa uku, aji huɗu zuwa shida, sai ƙaramar sakandare. Kashin farko haɗa wuta ne da ɗora ruwa. Yaro yana koyon baƙi da wasali, yana ƙirga da tsinke ko marfin kwalba, ana waƙa ana tafi. Da ya shiga aji huɗu, yana ɗan shekara tara ko goma, sai a fara zuba gari. Ba wanda zai sake tsayawa ya nuna masa yadda ake haɗa ba da ba su zama baba, an ɗauka ya wuce nan. Yanzu littafin kimiyya za a miƙa masa a ce ya karanta ya faɗi abin da ya gane. Fensir ya koma biro, rubutu ya ƙaru, jinga ta fara biyo shi gida. In ruwan bai tafasa ba aka zuba garin, kowa ya san abin da za a kwasa.

Ga kuma maganar harshe. An daɗe tsarin ilimin ƙasa yana cewa a koyar da yaro da harshen garinsu shekara ukun farko, daga aji huɗu Turanci ya fara karɓar ragama. A 2022, zamanin minista Adamu Adamu, aka ce harshen uwa har aji shida. A 2025 minista Tunji Alausa ya ce an soke, a koma Turanci. Masu girki sun yi yawa a kan tukunya ɗaya, wannan ya tura itace wancan ya zare. Amma duk yadda aka juya ta a Abuja, abin da ke faruwa a cikin aji kusan ɗaya ne: malam ya karanta da Turanci, ya fassara da Hausa, jarrabawa kuma ta zo da Turanci zalla. Yaron da ya iya karanta Hausarsa tiryan-tiryan yana da abin riƙewa. Wanda bai iya ko ɗaya ba, shi ne yake zaune shiru a bencin baya yana jiran a kaɗa ƙararrawa.

Abin da ya sa gudaji suke da wuyar sha'ani, daga sama ba a ganinsu. Ka leƙa tukunya ka ga tuwo fari tas yana huci. Haka za ka buɗe littafin ɗanka ka ga rubutu shafi-shafi, har da ja-layi da rula, ranka ya yi fari. Alhali kwafar allo ce kawai, kamar yadda zai zana hoton mota. Yaro zai iya shekara guda yana kwafa bai san abin da hannunsa yake rubutawa ba. A aji kuma in malam ya faɗa suka amsa gaba ɗaya, muryar yara goma da suka iya ta isa ta rufa wa sittin asiri.

Ban ga laifin malam sosai a nan ba. A takarda an ce malami ɗaya yara talatin da biyar. Ka je makarantun cikin Kano ko Zariya ko Katsina ka ƙirga da idonka, za ka sami ajin da ya ninka haka har ya ɗora. Tuwon gidan biki ke nan, ƙatuwar tukunya da muciya ɗaya. Mai tuƙin tana iyakar ƙoƙarinta, amma akwai lungun tukunyar da muciya ba ta taɓa zuwa, kuma ba ka da tabbacin ba can ɗanka yake ba.

Shi ya sa dole gida a riƙa ɗanɗanawa. Bayan sallar isha'i, ka ce ya ɗauko littafin karatunsa, ka buɗe shafin da ba a kai ba tukuna, don wanda aka yi a aji wataƙila hadda ce. Ka sa shi ya karanta layi biyar da ƙarfi. Ka lura da yatsansa: yana tafiya a hankali tare da bakinsa, ko kuwa bakin yana gudu yatsan yana tsaye wuri ɗaya? Sannan ka rufe littafin ka ce, "To, Abba, gaya mini da Hausa, me ya faru?" In ya sosa ƙeya ya kalli rufin ɗaki, ka taɓo gudaji. Kada ka ɗaga hannu, duka ba ya narkar da su. Uwar da ba ta yi boko ba ita ma tana da nata ma'aunin. Ta duba ko akwai jan biro a littafin, kuma yaushe rabon da a sa shi. Ta ce ya karanta mata rubutun jikin kwalin magani ko sunan da ya fito a waya in ana kira. Wanda ya iya, jikinsa har rawa yake ya nuna.

Lissafi ya fi komai saurin tona asiri. A waɗannan azuzuwa ake shiga doguwar rabawa, da rabi da sulusi da rubu'i, da lissafin kashi cikin ɗari, kuma dukansu a kan jadawalin sau suke zaune. Yaron da sai ya zana tsinke-tsinke a bayan littafi kafin ya gane bakwai sau takwas, rabawa za ta yi masa tsauri. Abin mamaki, yarinyar da take ba da canjin dubu ɗaya ba kuskure a wurin tallar awara, ita ce za ta kasa abu ɗaya ɗin in an rubuta shi a allo. Basirar tana nan, ba a haɗa mata hanyar ba ce. Ke uwa, ki ɗauki malmala ki raba biyu, ki sake raba ɗaya biyu, ki tambaye ta rabi da rubu'i wanne ya fi. In ta ce rubu'i saboda huɗu ta fi biyu, ki ce to ta ɗauki rubu'in ke ki ci rabin. Ba za ta sake mantawa ba.

Shekarar kanta zango uku ce: daga wajen Satumba zuwa Disamba, daga Janairu zuwa kusan Afrilu, sai na ƙarshe da ke ƙarewa cikin Yuli. Kowanne da abin da yake zare wa tukunya wuta. Hunturu ya sa makara, bazara ta sa gyangyaɗi a ƙarƙashin rufin kwano, damina ta zo da noma da zazzaɓin cizon sauro. Sai kuma itacen da mu iyaye muke zarewa da hannunmu: yau ranar kasuwa, gobe suna a gidan inna, jibi a tsaya a riƙe ƙanne. Makon farko na komawa ma mun mai da shi na shara, wai ba a fara karatu ba. Yaro ɗaya ne kuma yake allo da asuba, boko da safe, Islamiyya da yamma, don haka barcinsa da kokon safensa suna cikin kayan karatu, daidai da littafi. 'Yan mata kuma a aji shida wasu suke fara ganin al'ada, kuma inda makaranta ba ta da banɗaki mai ƙofa da ruwa, sai yarinya ta ƙirƙiro ciwon kai ta zauna gida. Uwa ce za ta gane wannan, ita ce kuma za ta riga yi mata bayani.

Ranar ba da sakamako tambayarmu ɗaya ce, "Na nawa ka zo?" Na uku a ajin da kusan kowa bai iya karatu ba, ina amfaninsa? Gara ka bi makin darasi ɗaya-ɗaya, ka ga na gwajin da aka yi ta yi cikin zango da na jarrabawar ƙarshe, don haɗa su ake yi. Kuma tunda a makarantu da yawa kowa wucewa yake aji na gaba, ƙarin aji ba shaida ba ce. Ka je makarantar a tsakiyar zango, lokacin da ba rigima ba neman kuɗi. In ka ce, "Malam, yaya yaron naka?" amsar da za ka samu ita ce, "Alhamdu lillahi, Alhaji, yana ƙoƙari." Ka ce masa, "Malam, don Allah a ina yake tuntuɓe?" Nan za ka ji magana. Taron iyaye da malamai ma kada a bar wa mutum biyar ɗin da kullum su ke zuwa.

Aji shida shi ne sulala. An gama tuƙi, an rufe tukunya, an rage wuta ana jira ya nuna har ciki. Yanzu an shigo da wata al'ada, musamman a makarantun kuɗi, ta cire yaro daga aji biyar a jefa shi sakandare, wai yana da kai, a kuma huta da kuɗin shekara guda. Ni dai ban yarda da ita ba. Tuwon da aka sauke da gaggawa kyansa a ido ne, kafin dare ya saki ruwa. A shekarar aji shida ake bitar komai, ake shirin jarrabawar shiga sakandare ta jiha, ko wadda hukumar NECO take yi wa masu neman kwalejojin gwamnatin tarayya. Ba a fafe gora ranar tafiya, darasin wata biyu da ake biya gab da jarrabawa ba ya gyara ɓarnar aji huɗu. A sakandare kuwa kowane darasi da malaminsa, ya shigo ya yi minti arba'in ya fita, kuma ana iya cinye zango guda bai riƙe sunan ɗanka ba.